Farin watan haya: fitilar balan-balan da daren Sabo ta Ibadan

Rabin rayuwar Bahaushen Ibadan da dare take gudana. A Sabo, unguwar da aka ware wa Hausawa a 1916 kusa da Mokola, sai rana ta faɗi tukubar mai tsire take ɗaukar wuta, mai shayi ya jera bencinsa, 'yan canji su bar bakin titi su koma majalisa. A ƙaramar hukumar Akinyele kuwa, wajen Sasa da Ojoo da Moniya da karar shanu, manyan motocin da suka taso daga Arewa ɗauke da tumatir da albasa da dabbobi sukan iso cikin dare ko gab da asuba, 'yan dako su hau sauke kaya kafin gari ya waye. In azumi ya kama, daga tarawihi zuwa tahajjud zuwa sahur, unguwa ba ta runtsawa. Duk wanda ya ƙudurta ba da labarin mutanen nan a fim, ba makawa sai ya ɗauki dare. Dare kuma shi ne inda finafinanmu na Hausa suka fi rauni.

Mai kallo ya san irin fitowar da nake nufi. An dasa fitila guda mai zafi a gaban jarumi, goshinsa na ƙyalli, inuwarsa ta haye bango baƙi ƙirin, bayansa kuma duhu ne dunɗum, babu titi, babu gida, babu alamar gari. Wani lokacin a ɗauka da rana tsaka, a je wajen tacewa a rage haske a zuba shuɗi, alhali ga gajeriyar inuwar azahar nan kwance a ƙasa tana tona asiri. Ban ɗora laifin a kan mai ɗaukar hoto shi kaɗai ba. Kuɗin aiki kaɗan ne, shiri mai dogon zango yana jiran a ɗora shi a YouTube kowane mako, janareto na shan mai, furodusa na duba agogo. Sai dai akwai wani ɓangare na matsalar da ba na kuɗi ba ne, na fahimtar halin haske ne. Fitilar balan-balan, wadda manyan masu fim na duniya suke ɗagawa sama ta zame musu wata, ita ce hanya mafi sauƙi ta fahimtar wannan hali, ko da mutum ba zai taɓa mallakarta ba.

Haske yana da ɗabi'u biyu da ke yanke wa fitowar dare hukunci. Ta farko nisa. In jarumi yana mita 2 daga fitila, ya ja da baya zuwa mita 4, kashi ɗaya cikin huɗu na hasken ne kawai zai same shi. Shi ya sa na gaba yake ƙonewa, na bayansa ya ɓace. Amma in fitilar tana mita 20 a sama, wanda ya ƙara nisan mita 2 bai rasa ko kashi ɗaya cikin biyar ba, don haka mutum goma za su iya yawo a fili kowa fuskarsa na fita. Ta biyu faɗi. Ƙaramin ƙwan fitila yana yanka inuwa mai kaifi. In kuwa hasken ya fito daga abu mai faɗi, sai ya zagaye fuska, inuwa ta yi laushi, ta narke a hankali. Ido ya saba da hasken dare mai saukowa daga sama, saboda haka ya san farin wata tun yana yaro. Matsalar ita ce watan gaske ba ya isar kyamara yadda ake so: ko a daren sha huɗu, hasken rana ya ninka nasa wajen sau 400,000, kuma ba ya tsayawa inda darakta yake so. Dole a ƙera wani watan.

Kafin zuwan balan-balan, a kan ɗora manyan fitilu ne a kan hasumiyar ƙarfe ko mota mai ƙugiya. Wannan na bukatar fili, da sa'o'in haɗawa, da hanyar da mota za ta shiga. Balan-balan ɗin ya zo ya rage wannan wahala. Wata babbar jaka ce ta yadi mara nauyi wanda haske ke ratsawa, an rataye ƙwayayen fitila a tsakiyarta. Ana cika ta da iskar hiliyam, wadda ta fi iskar da muke shaƙa rashin nauyi, sai ta tashi. Igiyoyi ke riƙe da ita, a ɗaure su a buhunan yashi ko a jikin gini, wayar wuta kuma ta bi ta sauko zuwa na'urar daidaita wuta da janareto da ke ƙasa. Sau da yawa saman jakar daga ciki ana yi masa shafe mai mayar da haske ƙasa, don kada a yi asararsa a sararin sama. Yadin yana tankaɗe hasken kamar yadda rariya ke tankaɗe gari, ya sauko ko'ina daidai wa daida. Akwai mai siffar ƙwallo, akwai mai tsawo, akwai shimfiɗaɗɗe da ake ɗagawa a kan taron jama'a.

A ciki, a da ana sa ƙwai irin na tangistan mai haske ja-ja, wanda ake aunawa a kan digirin Kelbin 3,200, ko kuma HMI mai farin haske irin na rana, wajen 5,600 zuwa 6,000. Wasu sukan haɗa biyun a jaka guda don a sami launin da ake so. Yanzu LED ta shigo, wadda ba ta cin wuta sosai, ba ta zafi kamar na da, kuma ana sauya launinta daga ƙasa.

Wani Bafaranshe, Pierre Chabert, shi ya kafa kamfanin Airstar a 1994 a yankin Grenoble, kuma shi ya shigar da wannan fitila harkar fim. Titanic na 1997, wanda aka ɗauka a Rosarito ta ƙasar Meziko, yana cikin manyan finafinan da suka fara fito da sunanta. A 2003 hukumar da ke ba da kyautar Oscar ta karrama Chabert da lambar yabo ta fasaha saboda ita. Wani amfaninta da ya fi burge ni shi ne cikin gini. In za a ɗauki fim a tsohon coci ko gidan tarihi ko fada, ba a yarda a buga ƙusa a rufi ba. Balan-balan ɗin sai ya tashi ya tsaya ƙarƙashin rufin bai taɓa komai ba. Ka tuna da soron fadar Kano ko ta Zazzau, masu ɗaurin guga da zanen da ya shekara aru-aru, ko zauren Mapo da ke kan tudu a Ibadan tun 1929. Irin waɗannan wurare kamar don su aka yi wannan fitila.

To, me zai hana mu ɗauka? Abu na farko iskar hiliyam kanta. Lissafin a bayyane yake. Kubik mita ɗaya na hiliyam yana ɗaga kimanin kilo ɗaya. Ƙwallon da faɗinsa ya kai mita 4 yana cin wajen kubik mita 33, wato zai ɗaga kilo talatin da 'yan kai, kuma a ciki za a cire nauyin yadin da ƙwayayen da wayar da ke reto. Babbar tukunyar gas mai lita 50 tana ɗaukar kusan kubik mita 9, don haka sai an juye huɗu kafin ƙwallon ya cika. Hiliyam kuma ba ta zama wuri guda, ƙwayoyinta ƙanana ne ƙwarai, suna silalewa ta jikin yadi, kullum sai an ƙara. In an gama aiki, galibi sakinta ake yi ta tafi.

Ba a haɗa hiliyam a masana'anta. Tana taruwa ne a ƙarƙashin ƙasa cikin miliyoyin shekaru, daga lalacewar yuraniyam da toriyam, ta gauraya da iskar gas a wasu rijiyoyi ƙalilan. A hasken rana aka fara gano alamarta a 1868, sai a 1895 William Ramsay ya same ta a doron ƙasa. Amurka da Katar ne ke kan gaba wajen fitar da ita, sai Aljeriya mai masana'antu a Arzew da Skikda, da Rasha. Nijeriya, duk da tarin gas ɗinta, shigo da ita take yi. Kasuwar kuma mai saurin girgiza ce. A 2017, da maƙwabtan Katar suka rufe mata iyaka, sai da masana'antunta suka tsaya na wani lokaci. A 2022 gobara a masana'antar Amur ta Rasha da yaƙin Yukren suka sake jawo ƙaranci. A 2024 gwamnatin Amurka ta sayar wa kamfanin Messer rumbun ajiyarta na Amarillo a jihar Texas. An sanar da gano ta a yankin Rukwa na Tanzaniya a 2016, abin da ya sa ake sa rai Afirka ta ƙara samun rabo nan gaba. A yanzu dai da dala ake sayenta, kuma babu wanda ya fi 'yan canjin Sabo sanin abin da ya sami naira tun Yunin 2023, lokacin da dala ta tashi daga ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 cikin 'yan watanni.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi nauyi a wurina. Na'urar MRI da ake duba cikin jikin mara lafiya da ita a manyan asibitoci, da ruwan hiliyam ake sanyaya ta, a sanyin da ya kai digiri 269 ƙasa da sifili. Wadda aka saki a iska ba ta dawowa, tashi take yi har ta bar duniya. Ban ce haramun ne a kashe ta a kan fim ba, amma ina ganin wanda zai kashe ta ya kamata ya tabbatar fitowar ta cancanci haka.

A nan dole in yi gargaɗi, domin inda abu ya yi tsada akan nemi madadinsa. Iskar da wasu masu sayar da balan-balan na yara suke haɗawa da kansu a tukunya haidurojin ce. Tana ɗagawa, har ta ɗan fi hiliyam, kuma tana da arha, amma tana kamawa da wuta nan take. Ita ce ta cinye jirgin Hindenburg a Amurka ranar 6 ga Mayun 1937, mutum 36 suka mutu. Sa ƙwan fitila da wayar wuta cikin jakar haidurojin a kan taron mutane ganganci ne da rayuka. Hiliyam ba ta kamawa da wuta, dalilin zaɓenta ke nan.

Abu na biyu yanayi da gini. Babban abokin gabar wannan fitila iska ce. Jaka mai faɗin mita 4 tana kama iska sosai, da an ɗan busa sai ta fara rangaji, inuwa ta yi ta yawo a fuskar jarumi, in ta yi ƙarfi kuma dole a sauke. Daminar Ibadan doguwa ce, tana farawa wajen Maris ko Afrilu ta kai Oktoba, da ɗan sararawa a Agusta, kuma hadarin farkonta da na ƙarshenta yakan taso da guguwa ba sallama. A Kano da Katsina kuwa hunturu ke kawo nasa iskar da ƙura. Ƙurar ma tana warwatsa haske, sai sama ta yi fari-fari a kewayen fitilar, dare ya rasa baƙinsa. Sannan Sabo unguwa ce matsattsa, gida jikin gida, ga tsofaffin rufin kwano masu kaifin baki da za su iya yaga yadi, ga wayoyin lantarki sun saƙa juna ƙasa-ƙasa a kan lunguna. Igiyar da ta jiƙe ta taɓa waya, magana ta ƙare. A fili irin na kara ko tashar manyan motoci abin zai yi kyau. A tsakiyar Sabo da wuya.

Duk da haka ba na son a karanta wannan a ce ai abin na Turawa ne, a tafi. Mu ne ma muka fi su bukatar irin hasken da take bayarwa, saboda fatarmu da tufafinmu. Baƙar fata ba ta son a watsa mata haske mai kaifi. Tana mayar da hoton abin da ke haska ta, don haka in abin mai faɗi ne, sai ka ga sheƙi mai laushi ya bi goshi da kunci ya fitar da siffar fuska. In ƙarami ne, ɗigon fari kawai za ka gani a kan duhu. Kamfanin Kodak ya yi shekaru da dama yana daidaita launin hotuna da katin da ke ɗauke da hoton farar mace, kuma ƙa'idojin haska fim da yawa a kan wannan fata aka gina su. Masu ɗaukar hoto irin su Bradford Young, wanda ya ɗauki Mother of George na Andrew Dosunmu a 2013, sun nuna yadda baƙar fata ke fita in an fahimce ta. A 2023 Lílis Soares ta sami lambar yabo a bikin Sundance saboda yadda ta ɗauki Mami Wata na C.J. Obasi, fim ɗin baƙi da fari da aka ɗauka a Jamhuriyar Benin, mai cike da fitowar dare. Mu kuma muna da ƙarin ƙalubale: Bahaushe yana son farar shadda da farin yadi. Farar riga da baƙar fuska a hoto guda, in fitila mai kaifi ce, ko rigar ta ƙone ta rasa aikinta, ko fuskar ta nutse. Haske mai laushi daga sama yana rage tazarar da ke tsakaninsu, har a ga aska takwas a ƙirjin riga a kuma ga idon mai ita.

Abin da ake nema, wato haske mai faɗi, mai tsayi, mai laushi, ana samunsa ba tare da hiliyam ba. Akwai balan-balan ɗin da ƙaramar fanka ke hura masa iskar da muke shaƙa, a ɗora shi a kan sanda. Shi ne ake gani a wuraren aikin titi da dare da wajen aikin ceto. Ba ya tashi da kansa, tsayinsa iya tsayin sandar ne, amma in aka hau da shi saman bene ko bayan babbar mota aka ɗaure, ya ba da mafi yawan abin da ake so. Kamfanonin Sin irin su Aputure da Nanlite da Godox suna yin fitilun LED masu ƙarfi da ake sa musu hula mai siffar ƙwallo, wasu ma da batir suke aiki. Ƙasa da wannan akwai fitilar takarda ta Sinawa, wadda manyan masu ɗaukar hoto ba sa raina ta har yau. Ƙasa da ita kuma akwai abin da ke hannunmu: mai walda ya haɗa firam mai mita 4 kowane gefe, tela ya ɗinka farin alawayyo a ɗaure a jiki, a rataye tsakanin benaye biyu, a harba fitilu ta bayansa ko a jikinsa. Da sharaɗin LED ce, domin tsohuwar fitila mai zafi kusa da yadi gobara ce.

Kyamarori ma sun sauya lissafin. Tun fitowar Sony A7S a 2014, ƙananan kyamarori suna gani a hasken da a da ba zai yiwu ba. Don haka aikin fitilar sama ya ragu, ta ba da ɗan hasken da zai fitar da bango da rufi da titi, ta tsaya nan. Sauran a bar wa fitilun wurin: garwashin tukuba, ƙwan da ke rataye a teburin mai shayi, fitilar ɗan acaɓa da ta gifta, tocilar mai gadi. Su ne daren Sabo, in an danne su da farin haske an kashe wurin. Ja-jan garwashi a fuska, da ɗan sanyin launi a bayan mutum, ya isa ya gaya wa mai kallo ƙarfe nawa ne. Ba sai an zuba shuɗi har ya yi yawa ba, domin hasken wata na rana ne ya dawo, idonmu ne ke ganinsa shuɗi-shuɗi in haske ya yi ƙasa. Kada kuma a ce tunda kyamara na gani a bar bayan duhu ƙirin. Mafi yawan masu kallonmu a waya suke kallo, fim ɗin an matse shi a intanet ko a shagon masu turawa, kuma wurin duhu ne ke fara farfashewa ya koma dabbare-dabbare. Batir yana da wata fa'ida: babu ƙarar janareto a cikin sauti, babu kuma ƙyaftawar da fitila ke yi in wutar janareto ba ta tsaya daidai ba.

Bahaushen Ibadan yana zaune a wurin da ya dace da koyon wannan aiki fiye da yadda yake zato. A garin nan aka buɗe gidan talabijin na WNTV ranar 31 ga Oktoban 1959, na farko a Nijeriya, kuma a can Tunde Kelani ya fara aikin kyamara kafin ya yi finafinai irin su Saworoide na 1999. A jihar Oyo, a Igbojaye, Kunle Afolayan ya gina ƙauyen fim inda ya ɗauki Aníkúlápó na 2022. Manyan gidajen hayar kayan fim suna Legas, kuma tun 2021 jirgin ƙasa ke tashi daga Moniya zuwa can. Masana'antar fim ta Kano, wadda ta faro da Turmin Danya a 1990, ta rasa damar samun cibiyar kayan aiki ta bai ɗaya lokacin da aka soke shirin ƙauyen fim na Kofa a 2016. Yaron Sabo mai jin Hausa da Yarbanci yana iya shiga ayarin masu haska fim na Kudu ya fara da ɗaukar waya, ya koyi aikin, ya zama gada tsakanin ɓangarorin biyu. Labarin da zai haska kuwa yana ƙofar gidansu. Abner Cohen ya rubuta littafi sukutum a kan Sabo a 1969, kan fataucin goro da shanu da yadda maigida da dillali suke riƙe amana. Duniya ta ji sunan Sasa a Fabrairun 2021 ta hanyar rikici da hotunan waya masu rawa. Ya kamata a ga wuraren nan a daren da babu abin da ya faru sai neman halal.

In labari ya bukaci babban hoto guda, misali kara gab da asuba, shanu na saukowa daga mota, ƙura na tashi, a nan hayar balan-balan na hiliyam za ta biya kuɗinta. A zaɓi rani, tsakanin Disamba da Fabrairu. A tara duk manyan fitowar dare a kwana ɗaya ko biyu, don cikawa ɗaya ta wadatar. A ɗauko shi tare da mai kula da shi, kada a ce yaran lokeshan za su iya. A je da rana a duba wayoyin lantarki da inda za a ɗaure igiya.

Sai kuma izini, wanda a unguwar Hausawa ya wuce takardar hukuma. Fitilar da ke mita 15 a sama ba titi kaɗai take haskawa ba, tana leƙa tsakar gidaje, inda mata ke shan iska da dare, inda wasu ke kwana a waje lokacin zafi. Dole a fara zuwa wajen Sarkin Hausawa da mai unguwa da liman, a faɗi daren da sa'o'in, a sanar da maƙwabta, a kauce wa lokutan salla. Masu wannan fitila suna da baƙin yadi da suke ɗaura mata a gefe don tare haske daga inda ba a so. A lokeshan na Turai ana sa shi ne don kyan hoto. A Sabo za a sa shi ta ɓangaren gidajen mutane tun kafin a kunna wuta.